Tauraruwa Da Al'ajabi A Jerin Littattafan Sookie Stackhouse Na Charlaine Harris

1.0 Gabatarwa

Akwai wani kashi na ƙagaggun labarai wanda manazarta adabi ba su cika waiwayarsa ba, ko da yake yana cikin waɗanda suka fi samun masu karatu. Wannan kashi kuwa shi ne na labaran al'ajabi da akan buga jeri-jeri, littafi na bin littafi, a sayar da su da araha. Galibi akan ɗauke su a matsayin abin rage dare kawai, wanda bai cancanci a ɓata masa tawada ba. To amma bai kamata ɗalibin adabi ya raina abin da ɗimbin jama'a suka kwana suna karantawa ba. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya tambayi kansa, mene ne ya riƙe waɗannan mutane har suka bi labari ɗaya shekara da shekaru ba su gaji ba?

A wannan maƙala za a yi ƙoƙarin amsa wannan tambaya ta hanyar duba jerin littattafai goma sha uku da wata marubuciya Ba'amurkiya mai suna Charlaine Harris ta wallafa daga 2001 zuwa 2013, waɗanda aka fi sani da sunan tauraruwarsu, watau Sookie Stackhouse. Ra'ayin da za a kafa shi ne, daɗin waɗannan littattafai ya fi rataya a wuyan tauraruwar fiye da halittun ban tsoro da ke cikinsu. Marubuciyar ta ɗauko al'ajabi ta ɗaure shi a turken rayuwar yau da kullum ta wata talakar budurwa 'yar Kudancin Amurka, kuma wannan ɗauri shi ne ya sa mai karatu yake yarda da abin da hankali ba zai ɗauka ba. Za a duba duniyar labarin, da halin tauraruwar, da jigo, da zubi da salo, sa'an nan a nuna wuraren da littattafan suka gaza.

2.0 Marubuciyar Da Littattafanta

An haifi Charlaine Harris a shekarar 1951 a garin Tunica na jihar Misisifi, ta kuma yi shekaru masu yawa tana zaune a jihar Arkansas. Ke nan 'yar Kudu ce haihuwa da tashi, kuma mutanen da ta zana a littattafanta irin waɗanda ta tashi a cikinsu ne. Kafin ta shiga labaran al'ajabi ta daɗe tana rubuta labaran binciken kisan kai, inda ta yi jeri biyu da aka san ta da su, ɗaya a kan wata ma'aikaciyar laburare mai suna Aurora Teagarden, ɗaya kuma a kan wata mai aikin share gidaje mai suna Lily Bard. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan, domin kamar yadda za a gani nan gaba, wannan tsohuwar sana'a tata ita ce ƙashin bayan sabon aikin.

Littafi na farko, Dead Until Dark, ya fito a 2001, ya kuma ci kyautar Anthony a 2002, wadda kyauta ce ta marubuta labaran bincike. Daga nan kowace shekara sai ta fitar da littafi ɗaya, har zuwa na ƙarshe, Dead Ever After, a 2013. A tsakanin haka ne gidan talabijin na HBO ya mayar da labarin wasan kwaikwayo mai suna True Blood, wanda aka nuna daga 2008 zuwa 2014, da Anna Paquin a matsayin Sookie. Wasan ya ƙara wa littattafan kasuwa ƙwarai, amma ya kauce wa labarin asali a wurare da dama. Saboda haka wannan nazari a kan littattafan ya tsaya.

3.0 Duniyar Labarin

An gina labarin ne a wani ƙagaggen ƙaramin gari mai suna Bon Temps a arewacin jihar Luwiziyana. Tushen labarin shi ne, masana kimiyya na ƙasar Japan sun haɗa wani jini na ɗakin bincike wanda ake ɗurawa a kwalba. Samuwar wannan jini sai ta ba wasu halittu da Turawa ke kira bamfaya damar fitowa fili su shaida wa duniya cewa lalle akwai su, kuma yanzu ba su da bukatar farautar bil'adama, don haka suna neman a ba su 'yancin zama kamar kowane ɗan ƙasa.

A nan ya kamata a tsaya a bambance bamfaya da abin da Bahaushe ya sani, don kada a yi kuskuren fassara shi da maye. A al'adar Bahaushe maye rayayyen mutum ne da ke zaune cikin jama'a, wanda ya gaji maita ko ya saye ta, kuma kurwar mutum yake kamawa. Shi kuwa bamfaya a camfin Turawa matacce ne wanda gawarsa ba ta ruɓe ba. Yana kwance kamar gawa da rana, ya tashi da dare ya sha jini. Ta wajen mutuwa ya yi kama da fatalwa, sai dai shi yana da jiki da ƙarfi fiye da na mutum. Harris ta riƙe yawancin dokokin da camfin ya gindaya masa: hasken rana yana ƙona shi, azurfa tana kashe masa jiki, tsinin itace a ƙirji yana halaka shi, sa'an nan ba ya iya shiga gidan mutum sai mai gidan ya ce masa ya shigo.

Bamfaya ba sabon abu ba ne a adabin Ingilishi. Bram Stoker ya fito da Dracula tun 1897, kuma Anne Rice ta riga ta kai shi birnin New Orleans na ita wannan jiha ta Luwiziyana a littafinta na 1976. Amma bamfayan waɗannan marubuta masu sarauta ne ko masu dukiya, mazauna manyan gidaje da duhun birni. Sabon abin da Harris ta kawo shi ne ta sauko da su ƙauye, ta sa su biyan haraji da neman mai gyaran wutar lantarki da zai yarda ya zo aiki da dare. Bayan su kuma, sannu a hankali ta riƙa buɗe wa mai karatu wasu halittun: mutane masu rikiɗa su zama kyarkeci ko damisa, da matsafa, da wani jinsin aljannu na tatsuniyoyin Turai.

Idan aka kwatanta wannan da ƙagaggun labaranmu na farko za a ga wani bambanci mai amfani. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda aka buga a 1934, tauraro namiji ne, kuma shi ke barin gida ya yi doguwar tafiya kafin ya iske duniyar aljannu. A littafin Harris na farko kuwa, al'ajabi ne ya tako da ƙafarsa ya shigo wurin aikin tauraruwa, ya sami kujera ya zauna yana jiran a tambaye shi abin da zai sha.

4.0 Tauraruwa

4.1 Baiwar Da Ta Zame Nauyi

Sookie budurwa ce 'yar shekara 25 a farkon labarin. Marainiya ce, domin ambaliyar ruwa ta ci iyayenta tun tana 'yar shekara bakwai, ta tashi a hannun kakarta Adele tare da wanta Jason. Aikinta shi ne kai wa baƙi abinci da abin sha a wata mashaya ta wani mutum mai suna Sam Merlotte. Abin da ya raba ta da sauran 'yan matan garin shi ne tana jin abin da mutane ke saƙawa a zukatansu, ko tana so ko ba ta so.

Wani marubucin da ya mayar da wannan baiwa makamin jarunta. Harris kuwa ta nuna ta a matsayin lalura, kuma ita kanta Sookie nakasa take kiranta. Hausawa kan ce zuciyar mutum birninsa, watau kowa yana da wurin da yake ɓoye abin da ba ya son a gani. To ita Sookie babu birnin da ke da ganuwa a wurinta. Tana jin ƙyashin ƙawa, da mugun nufin mai saye, da tsoron da mutane ke yi mata alhali suna yi mata murmushi. Hayaniyar tunanin 'yan aji ta hana ta mayar da hankali a makaranta, don haka ba ta yi karatu mai zurfi ba. Ba ta iya yin saurayi, domin babu soyayyar da za ta ɗore idan ɗaya yana jin duk abin da ɗaya ke tunani. Mutanen gari kuwa sun yanke hukuncin cewa taɓaɓɓiya ce.

Wannan shi ne ya ba soyayyarta da bamfaya Bill Compton dalili mai ƙarfi. Ba ta iya jin tunanin bamfaya. A kusa da Bill ne ta fara ɗanɗana shiru a rayuwarta. Marubuciyar ta yi hikima a nan, domin ta amsa tambayar da mai karatu mai hankali zai yi, watau me zai kai yarinya mai tarbiyya ga son matacce? Amma kuma a cikin wannan shiru ta binne tarko. Mutumin da ba ta iya karanta zuciyarsa shi kaɗai ne zai iya yaudararta. Sai a littafi na shida, Definitely Dead na 2006, ta gano cewa sarauniyar bamfayoyin Luwiziyana ce ta turo Bill garin tun farko don ya jawo ta jiki saboda a ci moriyar baiwarta. Wadda ta san asirin kowa, ita ce aka rufe a nata al'amarin.

4.2 Talauci Da Sana'a

Abu na biyu da ya sa tauraruwar ta zama mutum a idon mai karatu shi ne aljihunta. Duk tsawon jerin littattafan Sookie tana lissafin kuɗi. Tana tunanin harajin tsohon gidan da ta gada, da kuɗin asibiti idan aka ji mata rauni, da ranakun aikin da za ta rasa idan bamfayoyi suka ɗauke ta zuwa Dallas ko Jackson don ta yi musu bincike. A littafi na biyar an cinna wa gidanta wuta, ɗakin girki ya ƙone, kuma marubuciyar ba ta tsallake zancen inshora da magina ba.

Misali mafi kyau yana cikin littafi na uku, Club Dead na 2003. Hanyar motar da ta shiga gidan Sookie ta lalace, duk ramuka, ba ta kuwa da kuɗin zuba mata tsakuwa. A daidai wannan lokaci Bill, wanda yake saurayinta, ya ba wasu jikokin jikokinsa dukiya a ɓoye, bai ko lura da halin da take ciki ba. Wanda ya lura shi ne Eric Northman, shugaban bamfayoyin yankin, wanda ya haura shekara dubu a duniya, shi ya aiko aka gyara hanyar. Mai karatu ya fahimci bambancin waɗannan masoya biyu ta hanyar motar tsakuwa fiye da yadda dogon bayani zai fahimtar da shi. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke sa idan an zo wurin rikiɗa da tsafi mai karatu ya riga ya saki jiki, domin wadda ke ba shi labarin ya san ta da gaskiya a kan kuɗin cefane.

4.3 Tarbiyyar Kudu

Mutanen Kudancin Amurka sun yi suna wajen ladabin baki, da karɓar baƙo, da riƙo da coci, da kai abinci gidan makoki. Wannan tarbiyya ita kakar Sookie ta ɗora ta a kai, ita ce kuma ma'aunin da take auna kowace halitta da shi. Idan bamfaya ya ziyarce ta, takan ɗauko kwalbar jini da ta ajiye a firiji saboda baƙi, ta ɗumama, ta kawo masa, domin a ganinta abin kunya ne baƙo ya zauna ba a ba shi komai ba. Yawancin ban dariyar littattafan daga nan yake fitowa, watau haɗuwar ladabin ƙauye da abin firgita.

Sai dai wannan ladabi ba rauni ba ne. An ambata a baya cewa bamfaya ba ya shiga gida sai da izini. Harris ta ƙara da cewa mai gida yana iya janye izinin, kuma da zarar ya furta, dole bamfayan ya fita ko da ya fi shi ƙarfi sau ɗari. A ƙarshen Club Dead, bayan Sookie ta sha wuya saboda rigingimunsu, ta janye wa Bill da Eric izini a lokaci guda, suka fice da baya suna kallonta. Dokar karɓar baƙo ta koma makami a hannun mace mai zaman kanta. Haka kuma tun a littafi na farko, lokacin da Eric ya nemi ta binciko wanda ke yi masa sata a mashayarsa ta Shreveport, sai da ta gindaya masa sharaɗi cewa idan ɓarawon mutum ne, hukuma za a miƙa wa shi, ba za a kashe shi ba. Ba ta da ƙarfin tilasta masa, amma ta san yana bukatarta, ta kuwa sayar da baiwarta da wannan farashi.

Ya kamata a lura kuma da yadda labarin ya buɗe. A tsofaffin labaran bamfaya, mace ita ce abin farauta, sai maza sun zo sun cece ta. A nan kuwa, a daren farko wasu miji da mata ne suka ɗaure Bill da sarƙar azurfa suna tatsar jininsa don su sayar, Sookie ta ɗauko sarƙar ƙarfe ta fatattake su. Tun daga babi na farko an juya al'adar: dodo ne a ƙasa, mutane ne azzalumai, budurwa ce mai ceto.

5.0 Jigo

Babban jigon littattafan shi ne zama da bare, watau yadda al'umma ke yi da wanda ta ga ba irinta ba ne. Warwarar wannan jigo ta fara tun daga littafi na farko. Ana ta kashe matan garin da aka san suna hulɗa da bamfaya, har abin ya ci kakar Sookie. Zargi ya faɗa kan bamfayoyi, sa'an nan ya koma kan Jason. Daga ƙarshe sai ga shi mai kisan ɗan gari ne, Rene Lenier, abokin Jason kuma na hannun ƙawar Sookie, mutumin da kowa ke gaisawa da shi. Ƙiyayya ce ta sa shi, domin ƙanwarsa ya fara kashewa saboda ta so bamfaya. A littafi na biyu an gabatar da wata ƙungiya mai fakewa da addini wadda ta sha alwashin ganin bayan bamfayoyi da duk mai hulɗa da su. Ita kanta ƙawar tata, Arlene, daga baya wannan aƙida ta shige ta har ta haɗa baki don a kashe Sookie. Darasin da ke maimaita kansa shi ne, sau da yawa wanda ya kamata a ji tsoro yana cikin gida.

Wannan jigo yana da nauyi na musamman saboda wurin da aka ajiye labarin. Kudancin Amurka shi ne yankin da ya yi yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 don ya riƙe bauta, shi ne kuma ya ci gaba da dokokin wariyar launin fata har zuwa shekarun 1960. Bill Compton tsohon sojan Kudu ne a wancan yaƙi. Kakar Sookie tana cikin wata ƙungiya ta masu alfahari da kakanninsu da suka mutu a yaƙin, kuma abin da ya fara zuwa mata a rai da ta ji labarin Bill shi ne ta gayyato shi ya yi musu jawabi. Da ya zo, abin da ya ba su labari shi ne yunwa da sanyi da raunuka da mutuwar samari. A wannan fage marubuciyar ta yi amfani da bamfaya ta hanyar da ta dace da Kudu: tarihin da ya ƙi mutuwa ya tashi ya tsaya a gaban jikoki yana ba da shaida.

Akwai ƙananan jigogi da ke tallafa wa babban. Ɗaya shi ne mulki da siyasa. Bamfayoyi sun raba Amurka masarautu, kowace da sarki ko sarauniya da hakimai. Lokacin da guguwar Katrina ta ragargaza New Orleans a watan Agusta na 2005, Harris ta shigo da wannan masifa ta gaske cikin labarin. Sarauniyar Luwiziyana ta rasa dukiya da mabiya, kuma a littafi na takwas sarkin Nevada ya zo ya ƙwace masarautar. Wani ƙaramin jigon shi ne asirin zuri'a. Sookie ta gano cewa tana da jinin aljannu, kuma kakar nan tata mai tsoron Allah ta haifi 'ya'yanta ne da wani wanda ba mijinta ba. Ko matattun da take girmamawa suna da abin da suka ɓoye.

6.0 Zubi Da Salo

Ta fuskar zubi, kowane littafi yana tafiya ne a kan igiya biyu. Ta farko gajera ce: akan sami gawa ko ɓatan wani a farko, a yi bincike, a warware a ƙarshe. Nan ne tsohuwar sana'ar marubuciyar ta yi mata rana. Ta biyu doguwa ce, ita ce ta soyayya da siyasar halittu, wadda ke ratsa dukkan littattafan. Gajerar igiya tana ƙosar da mai karatu a kowane littafi, doguwar kuma tana sa shi jiran na gaba. Haka nan marubuciyar ba ta zube kayanta gaba ɗaya ba. A littafi na farko an san bamfaya, aka kuma gano cewa Sam yana rikiɗa ya zama kare. A na uku aka shiga cikin al'ummar kyarketai. A na huɗu matsafa suka shafe wa Eric tunaninsa, a na tara kuma yaƙin aljannu ya ɓarke.

Ta fuskar salo, Sookie ce ke ba da labarin da bakinta daga farko har ƙarshe. Harshenta mai sauƙi ne, na hira, cike da ba'a da karin maganar Kudu. Tana da kalandar da ke koya mata sabuwar kalma kowace rana, takan kuma yi murna idan ta sami wurin amfani da ita, abin da ke nuna ƙishin ilmin da lalurarta ta hana ta. Bayan haka, baiwarta ta warware wa marubuciyar wata matsala ta fasaha. A ƙa'ida, labarin da tauraro ke bayarwa da bakinsa ba ya iya shiga zuciyar sauran taurari. Amma tun da Sookie tana jin tunanin mutane, mai karatu yana samun kusancin murya ɗaya tare da leƙen zukata da yawa. Don kada binciken ya zama wasan yara kuwa, an taƙaita baiwar: bamfaya galibi ba ta jin sa, masu rikiɗa sama-sama take jin su, mutum kuma abin da yake tunani a wannan lokaci kaɗai take kamawa.

7.0 Inda Littattafan Suka Gaza

Nazari ba ya cika sai an faɗi aibi. Na farko, kwatanta bamfaya da tsirarun da ake zalunta kwatanci ne mai gurgunta. Tsirarun gaske ana tsoron su ne ba da hakkinsu ba. Su kuwa bamfayoyin Harris da gaske suna kisa, suna kuma ɗaukar mutum a matsayin abinci ko kayan aiki. Wanda ya ji tsoron su yana da hujja. Ita kanta Sookie tana ƙara gane haka yayin da labarin ke tafiya, amma wannan ya raunana darasin da aka faro da shi.

Na biyu, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Luwiziyana baƙar fata ne, amma a littattafan suna gefe. Lafayette, baƙin mai dafa abinci a mashayar, gawarsa aka buɗe littafi na biyu da ita. Masu wasan talabijin kuwa sun bar shi da rai, suka kuma mayar da Tara, ƙawar Sookie, baƙar fata. Abin mamaki ne a ce labarin da jigonsa wariya ne, a yankin da ya yi suna da wariya, ya fi ba matattu fili a kan waɗanda aka yi wa wariyar da gaske.

Na uku, daga tsakiyar jerin zuwa ƙarshe taurari sun yi yawa, igiyoyin labari sun sarƙe, har wasu littattafan suka zama kamar gada kawai tsakanin na baya da na gaba. Sa'an nan mai karatu Bahaushe zai tarar da wuraren da aka bayyana saduwar mace da namiji da zubar da jini ɓaro-ɓaro, abin da adabinmu ya saba sakayawa. Littattafan na manya ne, da wannan sani ya kamata a tunkare su.

Akwai kuma ƙorafin da masu karatu da yawa suka yi wanda wannan nazari bai goyi baya ba. Da littafi na ƙarshe ya fito a 2013, aka ga Sookie ta rabu da Eric ta zaɓi Sam, mai mashayar da take aiki tun farko. Masoya Eric suka fusata, wasu har da aika wa marubuciyar zagi. Amma wanda ya bi halin tauraruwar a hankali zai ga babu wata mafita da ta dace da ita sai wannan. Tun farko ta ƙi yarda a mayar da ita bamfaya. Tana son hasken rana, tana son gidanta, tana fatan haihuwa da tsufa. Eric kuwa mulki ne a gabansa, kuma wanda ya mayar da shi bamfaya ya riga ya ƙulla masa aure da sarauniyar Oklahoma. A littafi na goma sha biyu, lokacin da take da wani abin tsafi mai biyan bukata guda ɗaya tak, ran Sam ta ceto da shi. Da marubuciyar ta bi son masu karatu, da ta rushe halin da ta yi shekara goma sha biyu tana ginawa.

8.0 Kammalawa

An ga yadda Charlaine Harris ta ɗauko tsohon camfin Turai ta dasa shi a ƙaramin garin Kudancin Amurka, ta ba da labarinsa ta bakin wata ma'aikaciyar mashaya wadda baiwarta ta zame mata kaya. An ga cewa talaucin tauraruwar da tarbiyyarta su ne suka ba abubuwan al'ajabin ƙasar takawa, kuma jigon zama da bare ya sami ƙarfi daga tarihin yankin, duk da cewa marubuciyar ba ta bi shi har inda ya kamata ba.

Abin da ɗalibin adabi zai ɗauka a nan ya shafi yadda ake auna kowane labarin al'ajabi, ko da wane harshe aka rubuta shi. Yawan dodanni da girman tsafi ba su isa ma'auni ba, domin kowa yana iya ƙaga su. Tambayoyin da suka fi amfani su ne: wane ne ke ba da labarin, me yake ci, me yake tsoron rasawa, wace doka ce kuma ta ɗaure halittun har mai rauni yake iya tsayawa a gabansu? Ana fatan 'yan'uwa ɗalibai za su gwada waɗannan tambayoyi a kan labaran aljannu da matsafa da marubutanmu ke fitarwa, musamman waɗanda mata ke rubutawa, waɗanda su ma an daɗe ana yi musu kallon abin rage dare.